Gefen Hoton da Aka Datse

Tanga, ranar Asabar

Zuwa ga Mwantumu, jikar Hoza, a Arusha.

Kafin gaisuwa: har yau babu wanda ya faɗa mini wanda ya sa almakashi ya yanke ni daga hoton gidanmu. Tun ubanki yana yawo ba wando nake tambaya, ga shi kuma ina sake tambaya.

To, yanzu gaisuwa. Ina lafiya, sai gwiwa da ba ta shiri da damina, da idon hagu da yanar ido ta fara rufewa. Ina fata sanyin garinku bai kama miki ƙirji ba.

Kin san hoton da nake nufi. Shi ne rataye a falon kakarki Bibi Saumu, matar Hoza, a Lushoto, saman kabad ɗin kwanuka: dangi kaf a tsaye gaban gidan kakanmu ranar ƙaramar Sallah. Ni na ɗauke shi. Na kife turmi na ɗora kyamara, na murɗa agogonta, na ruga na tsaya a ƙarshen layi, ƙarƙashin baranda, kusa da kakanki Hoza, ɗan wan ubana. Ni na wanke shi, ni na miƙa wa Hoza da hannuna. Da na koma ziyara sai na tarar da shi a firem, kowa yana nan, har akuyar maƙwabta da ta shigo ba a gayyace ta ba, ban da ni. An datse gefen. Hoza ya ce wai firem ne ya yi kaɗan. Firem ya yi kaɗan, amma ya ɗauki akuya? Bara ya rasu bai ƙara kalma ɗaya a kai ba. Allah ya jiƙansa, amma na san abin da na sani: bai so a ga mai hoto, wanda bai taka makaranta ba, a layi ɗaya da malaman gidan.

Duk auren da aka yi a zuri'ar nan, duk suna, ni na ɗauka. Buɗe albam ɗin gidanku ki nuna mini fuskata ko sau ɗaya.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Da masu gyaran rufi suka sauke kwanon ɗakina, sai ga wani gwangwanin biskit a bayan katako, a cikinsa negetif, wato fim ɗin asali na hoton nan. Gumin teku ya ci shi, fumfuna ta yi masa zane, amma ina ciki da hulata. Ruwan wanke hoto kuwa ya ƙare a Tanga, ɗakin duhuna ya koma ma'ajiyar gawayi. Sai na manna negetif ɗin a gilashin taga na ɗauke shi da sabuwar kyamarar nan mai kati. Saura gyara. Ba zan kai wa masu sutudiyon zamani ba, masu goge fuskar mutum har ta koma ta 'yar tsana. Da hannuna zan yi.

Bayan babbar Sallah za a taru a Lushoto don addu'ar shekarar Hoza. Ina so in shiga falon nan da hoton cikakke, babba, in jingina shi kusa da guntun, kowa ya gani.

An ce aikinki ke nan, saka kwamfuta a makarantu. Faɗa mini wacce zan saya, irin wadda ake ɗorawa a cinya. Kada ki kira ni a waya, maganar waya ba ta da shaida. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutun nan, in ya karkace ki karkata kanki. Kwandastan motar Arusha zai kawo miki tare da lemon Muheza.

Kakanki,
Kihiyo Shemweta

*

Arusha, ranar Laraba

Shikamo, gaisuwar girmamawa, Babu kakana, angona mafaɗaci.

Lemo ya iso, wasiƙa ta iso, faɗa ma ya iso bai zube a hanya ba. Ina lafiya. Idon nan dai a kai shi asibiti, kada ka zo wurin taro kana kiran Bibi da sunan wata.

Ga shawarata, ka bi ta a hankali. Kada ka sayi kwamfuta don kyawun murfinta. Ga mai gyaran hoto fuskarta ce gaba da komai. Ka guji mai ƙyalli irin ta madubi, ka nemi mai laushin haske, wadda ko ka kalle ta daga gefe launi ba ya juyewa. Yawancin masu araha fuskarsu na yin shuɗi-shuɗi, sai ka gyara hoto ya yi maka kyau, a wanke shi a takarda ya fito wani abu daban. Ƙwaƙwalwar aikinta ta kai goma sha shida, ka faɗa wa mai shago haka, ya san nufina. Ta kasance da ramin da katin kyamararka zai shiga, da batir mai jure ɗauke wutar Tanga. Irin manyan nan na 'yan wasan gem, masu fitilu ja da kore, ka rabu da su. Sau da yawa tsohuwar kwamfutar ofis mai kyau ta fi su zaman lafiya da abin da nake so a saka maka.

Abin kuwa shi ne Linuks, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Shi muke saka wa makarantunmu, kuma yana da manhajar gyaran hoto mai juya negetif, ta goge tabo, ta fito da abin da inuwa ta rufe. Kyauta ne, kuma a buɗe yake: kowa na iya leƙa cikinsa, ya gyara, ya cire abin da bai so, ya ƙara abin da yake so. Sai dai ba kowace kwamfuta ke jituwa da shi ba, shi ya sa zaɓen ke son natsuwa.

Maganar almakashi kuwa, na kira Bibi na tambaye ta. Ta ce ugalinta, tuwon masarar nan, na kan wuta, ta kashe wayar.

Amaryarka,
Mwantumu

*

Tanga, ranar Lahadi

Mwantumu.

Marahaba, na amsa gaisuwa. Gwiwa na nan, ido na nan, kuma babu asibitin da zan je sai na gama aikina.

Na karanta wasiƙarki, na goge tabarau na sake karantawa, don na ɗauka idon ne. Ashe ba shi ba ne. Ga abin da kika rubuta da hannunki: kowa na iya leƙa cikinsa, ya cire abin da bai so.

Ya cire abin da bai so! Yarinya, ai abin da aka yi mini ke nan! Shekara da shekaru ina kuka a kan almakashi ɗaya, ke kuma kin samo mini injin da zai raba wa duniya almakashi, kowa da nasa. In gama gyara fuskata in je masallaci, kafin in dawo wani a Lushoto ya leƙa ya sake datse ni? Wa ya ba ki shawarar nan? Saumu? Ban yi mamaki ba, jinin Hoza ce ke.

Kuma kin san abin da ke cikin katina? Amaren Tanga, a ɗakin mata, ba mayafi. Iyayensu sun bar ni na shiga ne don tun kakanninsu babu hoton da ya taɓa fita daga hannuna ya faɗa hannun da ba nasa ba. Ke kuma kina ce mini a buɗe yake.

Sai maganar kyauta. Na ce miki bara nake yi? Na sayar da injin faɗaɗa hotona wanda ya girmi uwarki don in sayi abin nan da gumina. Abin da aka ba mutum kyauta, gobe mai shi zai zo ya tsaya masa a ka.

Na je shagon Rajabu, mai kwamfutoci a bayan kasuwar Ngamiani. Na ce masa, "Rajabu, ka san wani abu wai shi Linuks?"

Ya yi dariya har ya dafa kanta. Ya ce, "Mzee, dattijona, wa ke son kashe ka? Mai alamar agwagwa?"

Na ce, "Wace agwagwa?"

Ya nuna mini a wayarsa. Wani tsuntsu ne mai tumbi, zaune daɓas, ƙafafu rawaya, yana murmushi kamar ya cinye abincin baƙi. Wannan za ki damƙa wa mutuncina?

Rajabu ya sauko mini da wata sabuwa, fuskarta na walƙiya kamar teku da hantsi, madannanta na canza launi. Ya ce, "Wannan ko ba ka iya komai ba, in ka buɗe ta a Lushoto kowa sai ya miƙe tsaye." Ya ce zai saka mini manhajar da manyan sutudiyo ke aiki da ita. Hankalina ya fara kwantawa da ita.

Ki ba ni bayani, ko in san inda kika tsaya.

Kihiyo

*

Tanga, ranar Alhamis

Mwantumu.

Ina lafiya, in akwai mai son sani. An fara kai awakin layya kasuwa, ke kuma shiru. Kullum sai na je tashar mota, har kwandasta ya fara ɓuya in ya hango ni.

Na gane. Haka kakanki ya yi, haka kakarki ke yi: a tambaye ku, ku ce tukunya na kan wuta. Rajabu ya ce wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa na zawarcin mai walƙiyar nan. In Juma'a ta sama ta wuce ban ji daga gare ki ba, zan ɗauke ta, ki riƙe agwagwarki.

Kihiyo

*

Arusha, ranar Litinin

Shikamo, Babu.

Ina lafiya, sai gajiya. Ina ƙauyukan gundumar Karatu ina ɗaura wa makarantu kwamfuta, wasiƙunka biyu suna kwance a ofishin mota. Jiya na karanta su a jere. Na yi dariya, daga baya kuma raina ya ɓaci. E, jinin Hoza ce ni. Jininka ce kuma, shi ya sa ba zan bar maganar ba.

Ka tuna tsohuwar kyamararka ta ƙarfe, wadda kake kwancewa a kan tabarma da ɗan sukundireba, ka ga kowane haƙori, ka gyara ka mayar? Da ka buɗe cikinta, hotunan amare sun zube a titi? To buɗewar da nake nufi ke nan. Yadda aka ƙera tsarin ne a buɗe, don duk mai sani ya duba ko an ɓoye wata mugunta a ciki. Wanda ya canza wani abu, a tasa kwamfutar ya canza, ba a taka ba. Hotunanka kuwa suna cikin taka, a kulle da kalmar da kai kaɗai ka sani. Bibi ba ta iya shiga, ni ma ban iya.

Kyauta kuma ba sadaka ba ce. Aikin gayya ne, irin yadda ake haɗuwa a gyara hanyar ruwa a gonakin Lushoto: kowa ya kawo hannunsa, ruwa ya zama na kowa. Ka tambayi Rajabu manhajar da zai saka maka, taka ce ko haya ce ta wata-wata, kuma me ke faruwa ran da ka daina biya. Ka kalli idonsa lokacin da yake amsawa.

Kada ka yarda da ni, kada ka yarda da shi. A cikin ambulan ɗin nan akwai ɗan filashi, Linuks na ciki da manhajar hoton. Ka kai shagon, a soka shi a kowace kwamfutar da kake so, za ta tashi da shi ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba. Rajabu ya iya, ko ya ce bai iya ba. Ka ga ko ta kama intanet, ko ta karɓi katinka. Sannan ka buɗe hotonka, a juya negetif ɗin, ka ja maɓallin inuwa a hankali. Wadda ta nuna maka gaskiya, ita ce taka. Kai ne mai ido a cikinmu, ko da guda ɗaya da rabi ne.

Kuma ba agwagwa ba ce, tsuntsun ƙasar ƙanƙara ne.

Amaryarka da ka kusa saki,
Mwantumu

*

Tanga, Talatar mako na gaba

Mwantumu.

Marahaba. Lafiya lau. Agwagwa ce, na ga ƙafafunta.

Na je shagon Rajabu da filashinki da katina. Na fara da tambayar hayar nan. Ya kalli rufi, ya kalli ƙasa, ya ce, "Mzee, ai komai na duniya haya ne." Na ce masa, "Ban da fuskata. Soka abin nan."

Ya ce, "Ka zo saye ne ko ka zo jarrabawa?"

Na ce, "Ko kifi sai na ɗaga kunnensa kafin in biya."

Muka fara da mai walƙiya. Ta tashi, amma ta ƙi kama intanet, fankarta ta hau kuka kamar jirgin dakon siminti. Da aka buɗe hoton, abin da na fara gani shi ne ƙofar shagon da masu wucewa a keke da gemuna na yau, duk a cikin gilashinta. Na kare da hannu, na ja maɓallin inuwa. Dangi sun fito fes, fararen riguna har suna kashe ido, amma ƙarƙashin baranda baƙi ƙirin: hulata da rabin fuskata suna yawo a cikin kwalta. Haka dai ya fito a takarda tun farko, lokacin ina sabon hannu a wanki.

Na ce a kawo wata. Ta biyu ba ta da ramin kati, na ce a mayar. Sai na hango wata a ƙasan kanta, baƙa, mummuna, da ƙarzuwa a murfi. Rajabu ya ce, "Wannan ta wani ofis ce da aka rufe. Ba ta dace da dattijo kamarka ba."

Na ce, "Ni ma ofishina an rufe. Ɗauko ta."

Ta tashi shiru. Ta kama intanet, ta haɗiye katina. Fuskarta ba ta nuna mini gemuna ba, kuma na leƙa ta daga gefe, launi bai motsa ba. Na ja maɓallin a hankali, yadda nake ɗaga takarda daga cikin ruwa a da. Ginshiƙin baranda ya fito. Kwandon masara da ke rataye ya fito. Rigata mai layi-layi ta fito, wadda na manta na taɓa mallaka.

Sai ga hannu.

Hannu ne a kafaɗata, ya damƙe rigar har ta tattare, yana jawo ni cikin layi. Da agogo a ɗaure, fuskarsa ta cikin hannu. Duk zuri'ar nan mutum ɗaya ne ke ɗaura agogo haka, wai don kada allo ya ƙarje masa gilashi. Ki je ki dubi guntun da ke falon Saumu: Hoza ne a ƙarshe, ya juya kai gefe, baki buɗe. Kowa na cewa dariyar akuya yake yi. Ba akuya yake kallo ba. Ni yake kira in matso. Ni kuwa a lokacin idona na kan kyamara, ban ji komai ba.

Rajabu ya ce, "Mzee, in kawo maka ruwa?" Na ce ya kawo mini rasit.

Ga abin da nake so ki gane. Almakashin da ya cire ni, ya cire hannun Hoza tun daga kafaɗa. Da shi ya riƙe almakashin, da ya kauce wa hannunsa. Ke nan ba shi ba ne. Ke nan da ya ce firem ya yi kaɗan, wani yake rufa wa asiri.

Kada ki ɗauka sassauci na yi. Laifinsa ma ƙaruwa ya yi. Ya sani, ya yi shiru, ya bar ni ina cin naman Sallah a gidansa ina kallon bango, sannan ya je ya kwanta inda ba zan iya kama rigarsa yadda ya kama tawa ba. Ku kuma da kuka rage kuna ta wucewa ƙarƙashin hoton mutum mai guntun hannu, babu wanda ya taɓa cewa ina sauran.

Kwamfutar na gida. Rajabu ya girka mata agwagwar dindindin, yana gunaguni. Kalmar kullewa ni kaɗai na san ta, kada ma ki tambaya. Kowace safiya ina zama bakin taga ina cire fumfunar tabo bayan tabo da idon dama. Ban goge wa kowa tamoji ba, ban haskaka fatar kowa ba, akuya ma na bar ta.

Zan hau motar Mombo, hanyar Lushoto, washegarin Sallah, da hoton a naɗe. Ki zo, ki tsaya kusa da ni. Ki gaya wa Saumu ta sauke ugalinta tun da wuri, ta kashe wutar, don ba zan ci ba, ba kuma zan ɗaga hannu a addu'a ba, sai an jingina hotunan biyu a gaban kowa. Ita ce ta rage cikin waɗanda ke gidan ranar da aka saka shi a firem. In ita ce, ta faɗa. In ba ita ba ce, ta faɗi sunan. In mai shi ya mutu, a faɗa mini kabarin da zan je in tsaya.

Wa ya riƙe almakashin? Me na yi masa? Hoza ya jawo ni ciki, wa ya fitar da ni?

Ku ba ni amsa.

Kihiyo Shemweta, mai hoto